SANSANIN MATASAN KIRISTA A ƘAUYE: TSAKANIN LITTAFI DA HAUYA

Idan watan Yuni ya ƙare, aka gama jarrabawa, aka rufe makarantu, sai ƙasar Adar ta sake kama. Hadari yana tasowa daga gabas, koramun da suka yi wata takwas a bushe suna cika cikin sa'a guda, 'yan cin rani kuma suna komowa daga Nijeriya, Abijan ko Libiya, kowa da ɗan ƙunshinsa. A Allakaye, cikin gundumar Buza, bisa tudun duwatsun da ke tsakanin Keita daga arewa da Madawa daga kudu, ba a tambayar ɗan makaranta inda zai ci hutunsa. Kowa ya san amsa. Ranar da ya ajiye alƙalami, ranar zai ɗauki hauya.

Amma akwai waɗansu yara ƙalilan a jihar Tawa da ake yi wa kira na biyu a daidai wannan lokaci. Su ne 'ya'yan Kirista, waɗanda majami'unsu ke gayyata zuwa taron kwanaki da ake kira sansanin matasa. Jama'a da yawa sun taɓa ganin motar da ta ɗebo yara tana wucewa suna waƙa, ba su san inda suka nufa ba. Ma'aikatan hukuma da sarakunan gargajiya kuwa, takardar neman izinin irin wannan taro takan iso hannunsu. Saboda haka ya kamata a bayyana wa mai karatu mene ne wannan sansani, daga ina ya fito, me ake yi a cikinsa, kuma waɗanne sharuɗɗa ne ƙasa irin ta Adar ke gindaya masa.

MENE NE SANSANI?

Sansani taro ne na kwana uku zuwa mako guda, wani lokaci fiye da haka, inda ake tara yara ko samari da 'yan mata daga garuruwa dabam-dabam a wuri ɗaya. Suna kwana tare, suna ci tare, suna karatun Littafi Mai Tsarki, suna koyon waƙoƙi, suna wasa, ƙarƙashin kulawar fasto da dattawan ikilisiya da matan zumunta. Ba a neman wurin jin daɗi. Azuzuwan makaranta da hutu ya bari wofi, ko harabar majami'a, ko rumfunan zana, su ne masauki. Tabarma ita ce gado, inuwar itace ita ce ɗakin karatu.

Dalilin taron yana cikin lissafi. Ƙidayar jama'a ta shekarar 2012 ta nuna cewa a cikin kowane mutum 1.000 na ƙasar Nijar, wajen 3 ne kawai Kirista, kuma yawancinsu a manyan birane suke. A ƙauyukan Buza da Keita jama'a Musulmi ne kaka da kakanni. Kiristan da ake samu a can galibi ma'aikaci ne da aka turo: malamin makaranta, ma'aikacin likita, jami'in gona ko na gandun daji. Ɗan irin wannan ma'aikaci yana iya shekara guda cur bai haɗu da tsaransa mai bin addini ɗaya da shi ba. Abokansa suna da makarantar allo da dare, suna da sallar idi, suna da tashe cikin azumi. Shi kuwa abin da yake da shi bai wuce addu'ar cikin gida ba. To, sansani shi ne wurin da yake gane cewa ba shi kaɗai ba ne. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take.

INDA ABIN YA SAMO ASALI

Masu shirya sansani sukan danganta shi da Idin Bukkoki na Bani Isra'ila, wanda aka bayyana cikin Littafin Firistoci, inda jama'a ke barin gidajensu su zauna kwana 7 cikin bukkoki don tunawa da zamansu na jeji. Amma sansani irin na yau ɗan ƙasashen Turai da Amurka ne, kuma bai wuce shekara ɗari biyu da 'yan kai ba.

A Amurka, a farkon ƙarni na 19, manoma suna zaune a warwatse, majami'u sun yi musu nisa. Sai suka riƙa ɗora iyalansu bisa keken doki, su yi zango a daji kwana da kwanaki don sauraren wa'azi. Taron da ya fi suna shi ne na Cane Ridge, cikin jihar Kentaki, a watan Agusta na 1801, wanda ya tara dubban mutane. A ƙasar Suwis kuwa, a 1876, wani fasto na birnin Zurik mai suna Hermann Walter Bion ya ɗebi yara 68 'ya'yan talakawa, ya kai su ƙauyukan kan dutse na Appenzell don su sha iska mai kyau, su ci abinci su ƙoshi. Wannan shi ne mafarin abin da Faransawa ke kira « colonie de vacances ». A 1881 Fasto Lorriaux ya fara irinsa ga yaran Paris, na mako uku. A birnin Gilasgo, William Alexander Smith ya kafa ƙungiyar Boys' Brigade a 1883, ya kai yaransa sansani na farko a 1886. Daga baya, a 1907, Baden-Powell ya gwada nasa da yara wajen 20 a tsibirin Brownsea, daga nan aka haifi ƙungiyar sikawut da ta game duniya.

Akwai abu guda da ya kamata mai karatu ya riƙe daga wannan tarihi. Yaran da Fasto Bion ya ɗeba 'yan birni ne, 'ya'yan ma'aikatan masana'antu, waɗanda hayaƙi da cunkoso suka ramar. Hutun makaranta a wurinsu lokacin zaman banza ne, ƙauye kuma magani ne. A Adar al'amarin a juye yake. Ɗan Allakaye ba ya ƙarancin iska, ba ya kuma zaman banza da damina.

YADDA YA ISO ƘASAR HAUSA

Ƙungiyar mishan da ake kira SIM ta samo asali a 1893, lokacin da samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da niyyar shiga ƙasar Sudan. Biyu daga cikinsu sun rasu a 1894. Sai a 1902 aka kafa tashar farko a Fategi, bakin Kwara. A 1924 mishan ɗin ya shigo Nijar ta Damagaram, bayan 'yan shekaru kuma ya zauna a Tsibiri, cikin Gobir. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, aka kuma fitar da sabuwar fassara a 1979.

A jihar Tawa, abin da ya fi sa aka san mishan shi ne asibitin Galmi, wanda Likita Burt Long ya buɗe a 1950 a bakin babbar hanya, tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa. Da wuya a sami ƙauye a Adar da babu wanda aka taɓa kai wa Galmi, ko don haihuwa mai wuya, ko don karaya, ko don aikin gwaiwa. A 1956 aka buɗe wurin jinyar kutare a Danja, kudu da Maraɗi. Jim kaɗan bayan samun mulkin kai a 1960, Kiristan ƙasa suka kafa ikilisiyarsu, wadda aka sani da EERN, daga baya kuma waɗansu ƙungiyoyi suka fito daga cikinta. A kewayen waɗannan wurare, wato Galmi, Madawa, Tsibiri, Danja, makarantar Littafi Mai Tsarki ta Agye da gonar Maza Tsaye ta Maraɗi, jama'ar Kirista Hausawa suka yi saiwa. Can ne ake da gine-gine da rijiyoyi da mutanen da za su iya ɗaukar baƙi da yawa. Saboda haka yaron da ke zaune a tudun Allakaye, in zai halarci sansani, gangarowa zai yi: ya bi ta Buza ko ta kwarin Majiya, ya kama babbar hanya.

YINI GUDA A SANSANI

Tsarin yini ba ya bambanta ƙwarai daga wannan sansani zuwa wancan. Da asuba, kusan lokacin da ladanin gari ke kiran salla, ake buga ƙararrawa, wadda sau da yawa tsohuwar wilin mota ce da aka rataye a reshe. Yara su tashi, su naɗe tabarmi, a yi addu'ar safe. Daga nan sai aikin gida, wanda aka raba tun daren farko: waɗansu shara, waɗansu ɗiban ruwa, waɗansu faskare, waɗansu wanke kwanoni. Ɗan babban ma'aikaci da ɗan manomi bido ɗaya suke ɗauka. Maza suna kwana a gefe guda tare da malamai maza, mata a wani gefe tare da iyaye mata.

Bayan an sha koko, sai karatu. Ana raba yara ƙungiya-ƙungiya bisa shekarunsu, kowace ƙungiya da inuwarta. Ana karanta wani sashe na Littafi, a yi bayani, a yi tambayoyi, a ba kowa ayar da zai haddace kafin yamma. A nan ne wani abin mamaki kan bayyana. Ɗan birni da ya kai aji na ƙarshe a kwaleji, mai zuba Faransanci kamar ruwa, in aka miƙa masa littafin Hausa sai ya riƙa tuntuɓe, bai san bambancin k da ƙ ko d da ɗ a rubuce ba. Ɗan ƙauye da bai wuce aji uku ba, amma ya koyi karatu a gaban uwarsa da littafin waƙoƙi, shi ke gyara masa. Waɗanda suka yi yaƙi da jahilci sun san daɗin wannan. Tun 1963 da aka kafa ma'aikatar koyar da manya a Nijar, babbar matsalarta ita ce abin da mutum zai karanta bayan ya karɓi takardar shaida. Wanda ba ya karatu, sannu a hankali sai haruffa su gudu daga kansa. Majami'u sun daɗe da gane cewa karatu da harshen uwa ba ya zama sai ana maimaita shi kullum, a fili, tare da jama'a.

Da rana ana shan fura a huta. Da la'asar sai ƙwallo da langa da tsere, ko kuwa koyon waƙa da ganga da kacau-kacau da tulun kiɗa irin na matan zumunta. Akan kuma gayyaci ma'aikacin lafiya ya yi magana kan tsabta, ko kan illar ƙwayoyi irin su tiramol da suka addabi samari, ko wata dattijuwa ta zauna da 'yan mata kan zancen aure da karatu. Bayan an ci tuwo da miyar kuka, sai a kewaye wuta ko fitila a yi wasan kwaikwayo, inda yara ke nuna labarin Yusufu da 'yan'uwansa ko na ɗan da ya ɓatar da gādonsa. Daren ƙarshe akan raba kyaututtuka ga waɗanda suka fi haddace ayoyi: sabulu, alƙalami, littafi.

LISSAFIN RUWA DA HATSI

Duk wannan yana da daɗin faɗi, amma mai shirya taro da ƙididdiga yake kwana. Ƙungiyoyin agaji na duniya sun tsayar da cewa mafi ƙarancin ruwan da mutum ke bukata a yini, na sha da dafuwa da wanka, shi ne lita 15. Yara 100 ke nan lita 1.500, wato bido 60 mai lita 25, kowace rana ta Allah. A kwari, inda ruwa yake kusa, wannan ba wani abu ba ne. A kan tudu irin na Allakaye, inda rijiya ke da zurfi, mata kuma ke yin sammako su bi layi, bido 60 na baƙi yana nufin waɗansu gidaje za su jira. Wanda bai yi wannan lissafi ba kafin ya aika da gayyata, ya shuka gunaguni a bakin rijiya.

Hatsi ma haka. In aka ɗauka tiya guda ta gero, mai nauyin wajen kilo biyu da rabi, tana ciyar da mutum 5 a yini, to yara 100 za su ci tiya 20 kullum, tiya 140 a mako, wato buhu uku da rabi mai tiya 40. Ba a sa wake da mai da gishiri da itacen wuta da kuɗin mota ba. Kuma babban hutu yana faɗawa ne a watannin da rumbuna suka yi ƙasa, hatsi ya fi tsada a kasuwa. Kuɗin shiga da ɗan albashi ke gani kamar ba kome ba, ga manomi kuɗin abincin mako ne. Shi ya sa sansanin da ya dogara ga kuɗin shiga kaɗai yakan cika da 'ya'yan ma'aikata, ɗan ƙauyen da aka ce don shi aka yi taron yana gida. Maganin wannan sananne ne: a tara baikon hatsi tun da kaka, lokacin da yake da araha, a ajiye shi a rumbun ikilisiya, a kuma karɓi tiya daga wanda ba shi da jika.

KOWANE LOKACI DA FARASHINSA

Babbar tambaya ita ce ta lokaci. A Adar ana shuka ne da ruwan farko, tsakanin Yuni da Yuli. Daga nan sai noman fari, sai maimai. A cikin waɗannan makonni, cire yaro mai shekara goma sha biyar daga gona daidai yake da cire hatsi daga rumbu. Ciyawa ba ta jiran a gama taro. Uban da ya hana ɗansa tafiya a wannan lokaci ba ƙin addini ya yi ba, tsoron yunwa ya yi, kuma gaskiyarsa.

Bayan maimai, wajen ƙarshen Agusta zuwa tsakiyar Satumba, akwai ɗan sarari kafin girbi. Hannuwa sun sami sauƙi, amma a lokacin ne sauro ya fi yawa. Tun 2013 aka fara ba ƙananan yara maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro wata-wata da damina, kuma Madawa da Buza suna cikin gundumomin farko da aka fara. Sai dai an tsara maganin ne don yara 'yan ƙasa da shekara 5. 'Yan sansani sun wuce nan, kariyarsu gidan sauro ce. A lokacin ne kuma ruwa ke gurɓata: a 2018 da 2021 cutar amai da gudawa ta ɓarke a jihohin Maraɗi da Tawa. Taron mutum 100 da ba shi da isassun salgogi da wurin wanke hannu, gayyatar annoba ne. Ga kuma koramu. Korama guda tana iya tsare mota yini biyu, direban da ya yi gaggawar ƙetare ta da yara a baya kuwa ya ɗauki alhakin da ba zai iya biya ba. A 2024 ambaliya ta yi ɓarnar da ta sa gwamnati ta ɗage komawa makarantu zuwa 28 ga Oktoba, domin azuzuwa da yawa sun rushe ko sun zama mafakar waɗanda ruwa ya kora. Wannan gargaɗi ne ga duk mai shirin kwantar da yara cikin tsohon gini da damina.

Hutun ƙarshen Disamba yana da nasa amfani: rumbu cike, hanya a bushe, sauro ya ragu. Amma gajere ne, ya haɗu da bikin Kirsimeti da iyaye ke son 'ya'yansu a gida, manyan samari sun riga sun tafi cin rani, a kwarin Majiya da Galmi kuma aikin albasa ya kankama. Sanyin hunturu a kan dutse ba wasa ba ne ga yaron da ba shi da bargo. Hutun ƙarshen Maris kuwa yana zuwa cikin zafin bazara, lokacin da rijiyoyi ke janyewa, sanƙarau kuma ke yawo inda mutane suka cunkushe, kamar yadda aka gani a 2015.

Ashe babu lokacin da ba shi da farashi. Amma wannan ba sabuwar matsala ba ce a ƙasar Hausa, kuma an daɗe da samo hanyarta. Malaman allo sun san ta tun kafin zuwan Nasara. Ba sa ɗibar almajirai sai an kai amfanin gona gida, suna kuma komo da su kafin ruwan shuka. Gardawan da ke son tilawa cikin natsuwa sukan fita bayan gari su kafa bukkoki, abin da ake kira kiskadi. Wato janye matasa daga hayaniya don karatun addini al'ada ce da Bahaushe ya sani. Abin da ya kiyaye shi ne, bai taɓa sa karatu ya yi faɗa da gona ba. Darasin a fili yake: sansani gajere, na kwana uku ko huɗu, kusa da gida, bayan maimai ko da kaka, ya fi babban taro mai nisa a tsakiyar noma. Ƙananan sansanoni biyar sun fi babba guda kai wa ga ɗan ƙauye.

HAƘƘIN MAƘWABTA

Sharaɗi na ƙarshe shi ne mafi nauyi. Sansanin Kirista a ƙauyen Nijar, ko'ina aka kafa shi, baƙo ne a cikin Musulmi. Mai sayar da itace Musulmi ne, mai kurar ruwa Musulmi ne, direban mota da mahaucin da zai yanka akuyar daren ƙarshe haka. Sau da yawa ma, a tsofaffin gidajen Kirista na Gobir da Adar, kawu ko gwaggo ko kaka Musulmi ne, ana zuwa sunan juna da jana'izar juna. Wannan zama ba a same shi a banza ba, kuma ba abin da ba ya iya lalacewa ba ne.

Ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015 sun nuna haka. Bayan zanen ɓatanci da wata jaridar Faransa ta buga, tarzoma ta tashi a Damagaram da Yamai, mutum 10 suka rasa rayukansu, aka ƙone majami'u da dama, fiye da 40 a Yamai kaɗai, alhali Kiristan ƙasa ba su da hannu cikin abin da aka buga a Paris. Hukuma da malamai da yawa sun yi tir da abin, an kuma ba da labarin Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu a gidajensu. A watan Oktoba 2016 'yan bindiga suka sace wani Ba'amurke ma'aikacin agaji a Abalak, bai sami kansa ba sai a watan Maris 2023. A 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a Tasara da Tiliya, arewacin jihar Tawa. Tun daga waɗannan shekaru, uwar da za ta sallami ɗanta zuwa taron kwanaki tana yin tambayoyin da a da ba ta yi: a ina za su kwana, wa ke gadinsu, wa ya san da zuwansu?

Amsar waɗannan tambayoyi tana hannu biyu. A wajen masu shirya taro, wajibi ne su sanar da hukuma a rubuce da wuri, su faɗi wuri da kwanaki da yawan yara da sunan mai ɗaukar alhaki. Su je su gai da mai gari da liman kafin motar farko ta iso, ba bayan ta iso ba. Su kashe lasifika in an kira salla, su daina kiɗa in dare ya yi. Kada su karɓi yaro ko ɗaya, na Kirista ko na Musulmi, sai da yardar iyayensa a fili. Yaran gari za su zo kallon ƙwallo da wasa, wannan ba laifi, amma kallo dabam, ɗaukar ɗan wani dabam. A wajen hukuma kuma, takardar da ta cika sharuɗɗa ta cancanci amsa da wuri, ba a jefa ta cikin aljihun tebur ba. Ziyarar ma'aikacin lafiya kafin buɗe taro, ya duba ruwa da salga da rufin ɗakuna, ta fi amfani bisa dogon bincike bayan abu ya faru. Rigakafi ya fi magani.

Akwai kuma hanyar da baƙo ke biyan ruwan da ya sha. Ƙasar Adar ta shahara wajen yaƙi da zaizayar ƙasa. A 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya don tare iska, tare da ƙungiyar CARE. A 1984 aka buɗe babban aikin Keita da taimakon Italiya da hukumar FAO, inda mata suka ɗauki duwatsu a ka suka raya faƙo. A wajen Maraɗi, daga 1983, wani ma'aikacin SIM ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, tare da manoma suka yaɗa sassabin zamani, wato barin tohon kututture ya girma a gona maimakon sare shi, dabarar da ta maido da miliyoyin itatuwa. Tun 1975 ma aka haɗa bikin 3 ga Agusta da dashen itace. Matasa 100 da suka ba da safiya guda suka jera duwatsu, ko suka haƙa tassa da rabin wata a faƙon gari, ko suka yi gayya a gonar tsohuwar da ba ta da mai yi mata, sun bar abin da za a tuna su da shi. Waɗanda suka ga zamanin Samariya, lokacin Shugaba Seyni Kunce, sun san yadda aikin gayya ke haɗa kan da magana ba ta haɗa ba.

ABIN DA YARO KE KOMAWA DA SHI

Ranar watsewa, yaro yana hawa mota da tabarmarsa, da lambobin wayar sababbin abokai, da 'yan waƙoƙin da zai koya wa ƙannensa. Ɗan birni ya san nauyin bido, ya ga yadda gero ke fitar da kai. Ɗan ƙauye ya tsaya gaban mutum ɗari ya yi karatu da ƙarfi, bai ji kunyar harshensa ba. Ɗan ma'aikacin da ke zaune shi kaɗai a ƙauyen kan dutse ya koma da sanin cewa yana da 'yan'uwa a Galmi da Maraɗi da Dogon Dutsi. In an yi sa'a kuma, ya koma da sanin cewa mai garin da ya ba su masauki da matan da suka jira a bakin rijiya saboda su, su ma suna da haƙƙi a kansa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da yaro ya gani a mako guda, na ladabi ko na raini, na amana ko na zargi, shi zai ɗauka ya girma da shi, ko Musulmi ne mai kallo daga bakin fili, ko Kirista ne mai zaune cikin inuwa. Saboda haka zancen sansani ba na majami'a kaɗai ba ne: ya shafi mai gari, ya shafi likita, ya shafi hukuma, ya shafi kowane uba. Sansanin da ya girmama gona, ya auna ruwa, ya kiyaye haƙƙin maƙwabci, ba zai rasa masauki a ƙasar Adar ba.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya kai yara lafiya, ya komo da su gida lafiya.